Daga Tsintar Ƙwallo a Ikko Zuwa Filin Wimbledon

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya, a unguwar G.R.A. da ke Bauchi.





Ranar da sakatarenmu ya same ni a shago ya ce wannan karon ni zan yi wa jama'a magana, na ce masa to, a kan wasan tanis zan yi. Sai da ya cire tabarau ya sake dubana. Ya ce, "Alhaji, kai da ka tashi cikin yadi da atamfa, ina ruwan biri da gada?" Kuma gaskiyarsa. Ni ban yi boko mai nisa ba, Islamiyya na yi, ɗan Turancin da nake ji ma na kasuwa ne da na rediyo. Abin nan da ake buga ƙwallon da shi, wanda suke kira raket, sau ɗaya tak na taɓa riƙe shi a rayuwata, shi ma ba don in buga ba, don in karya shi ne. Zan zo kan wannan labari in Allah ya yarda. Amma kafin nan ina so ku ba ni aron hankalinku in ba ku labarin wani yaro da ya fara da tsintar ƙwallo a Ikko, ya ƙare duniya tana kallonsa a Ingila.

Da farko bari in ɗan bayyana wasan, domin na san da yawanmu ta bayan waya muke hangen sa idan mun zo wucewa da la'asar. Tunda ni mai yadi ne, da yadi zan auna muku. Tsawon filin yadi 26 ne. Faɗinsa yadi 9 idan mutum biyu ne ke karawa, yadi 12 idan bibbiyu ne. A tsakiya akwai raga, tsayinta yadi 1 daidai a tsakiyarta. Kai kana nan, abokin karawarka yana can, kowa da raket a hannu. Ka buga ƙwallo ta haye raga ta faɗa cikin layi, shi kuma ya maido ta kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Wanda ya kasa maidowa, ko ya buga waje, ko ya bugi raga, an ci shi. Lissafinsu kuwa na ban mamaki ne, 15, sai 30, sai 40, sai a ce ka ci gem. Wanda ya riga tara gem 6, da ratar 2 a tsakani, ya ci abin da zan kira turmi, kamar yadda muke cewa a dambe. A manyan gasanni maza sukan yi har turmi 5, wanda ya riga cin 3 shi ne da nasara. Sai a yi awa uku, awa huɗu ana abu ɗaya, babu mai canjin ka, babu wanda za ka ce shi ya jawo.

Manyan gasannin duniya huɗu ne a shekara: ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbledon a Landan, da ta Amurka. Wimbledon ce uwarsu, tun 1877 ake yin ta, kuma a kan ciyawa ake buga ta. Maza 128 ke shiga, duk wanda aka ci sau ɗaya ya tattara kayansa. Kafin mutum ya ɗauki kofi sai ya kayar da mutum 7 a jere.

To a wannan wasa akwai wani ƙaramin ma'aikaci da ba a cika lura da shi ba, wato yaron tsintar ƙwallo. Masu bugawa a kulob manyan mutane ne, ba su son yawan sunkuyawa, sai su sami yara su riƙa bin ƙwallon da ta ɓace suna miƙo musu, in an tashi a ba su ɗan na goro. Yaron nan yana tsugune a gefen raga tun la'asar har magariba. Ba a koya masa komai ba, amma idonsa na kan yadda ake riƙe raket, yadda ake ajiye ƙafa, yadda ake karkata jiki. Idan manya sun gaji sun koma inuwa, sai yara su ɗauki tsohuwar ƙwallo da raket ɗin da aka yar, su shiga fili. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Haka Nduka Odizor ya fara. An haife shi a Ikko ranar 9 ga Agusta, 1958. Sunan dai kun ji na Ibo ne, amma haihuwar Ikko ne, wato kamar 'ya'yanmu da aka haifa a nan Bauchi alhali tushenmu yana Kano, ko Katsina, ko Zazzau, ko Sakkwato. Ba ɗan masu hali ba ne. Yana yaro ya shiga tsintar ƙwallo a kulob ɗin Ikoyi, unguwar Turawa da manyan ma'aikata, wadda ita ce kamar G.R.A. ɗin Ikko a wancan zamani. A nan ya koyi wasan, da ido da farko, sannan da hannu.

Kuma ya tashi ne a lokacin da tanis yake da rai a ƙasar nan. Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka wanda ya ci Wimbledon a 1975, ya zagaya ƙasashen Afirka yana koya wa yara wasa, har da Nijeriya a 1970. A watan Fabrairun 1976 ma, watan da marigayi Janar Murtala ya ƙirƙiro mana jihar Bauchi, Ashe yana Ikko wajen wata babbar gasa. Aka kashe Murtala ranar 13 ga wata, bayan 'yan kwanaki sojoji suka shigo fili Ashe yana tsakiyar wasa suka kore su da bakin bindiga. Na kawo wannan ne don ku san cewa akwai lokacin da zakarun duniya ke takowa har ƙasarmu, yaran da ke tsintar ƙwallo suna ganinsu ido da ido.

Amma gwaninta ita kaɗai ba ta fitar da yaro. Yara nawa ne suka iya bugu a Ikoyi, suka girma suka watse, ba wanda ya san sunansu? Abin da ya bambanta Odizor shi ne wani ya tsaya ya dube shi. Wani malamin jami'a Ba'amurke da ya zo koyarwa a Jami'ar Ikko ya ga yadda yaron ke wasa, ya ɗauki nauyin kai shi birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, a cikin shekarun 1970. A can ya ƙarasa sakandare, ya shiga Jami'ar Houston, yana karatu yana buga wa jami'ar wasa. Su a Amurka haka tsarinsu yake, idan ɗalibi ya iya wasa jami'a takan ɗauke masa kuɗin makaranta, shi kuma ya riƙa wakiltar ta, da sharaɗin kada karatunsa ya faɗi. Odizor ya yi fice har aka sa sunansa cikin jerin gwanayen ɗaliban Amurka baki ɗaya, ba sau ɗaya ba. Turawa suka kasa faɗin Nduka, suka raɗa masa Duke. Sai da ya gama da jami'a, a farkon shekarun 1980, sannan ya shiga wasan a matsayin sana'a. Ku riƙe wannan, domin zan dawo kansa: karatu ya fara, sannan sana'a.

To 'yan'uwana 'yan kasuwa, a nan ne abin ya fara kama da namu. Ɗan ƙwallon ƙafa, irin na Wikki Tourists ɗinmu, ma'aikaci ne, kulob ke biyansa, kulob ke kai shi, kulob ke kama masa masauki. Ɗan tanis kuwa falke ne. Shi zai biya kuɗin jirgi, shi zai biya masauki, shi zai biya mai horar da shi idan yana da halin ɗauka. Wannan mako yana kasuwar wannan ƙasa, mako mai zuwa yana wata. Idan aka fitar da shi tun ranar farko, ya yi asarar kuɗin mota. Sannan akwai jerin matsayi na duniya, wanda aka fara tun 1973, da shi ake duba wa zai shiga babbar gasa, wa zai tsaya a waje. Makin da ka samu kuma ba ya ajiyuwa, bayan mako 52 zubewa yake. Wato hajarsu ba yadi ba ce da za ka ninke ka sa a kanta har baɗi, tumatir ce. In ba ka kawo sabo ba, sunanka ya yi ƙasa.

Haka Odizor ya yi ta fama, yau riba gobe faɗuwa, har Allah ya kawo shekarar 1983, shekarar da aka sake zaɓen Alhaji Shehu Shagari. A watan Yuni aka buɗe Wimbledon, ƙuri'a ta haɗa shi tun zagayen farko da Guillermo Vilas, mutumin Ajantina. Shi Vilas ɗin nan ba ƙaramin ƙwaro ba ne. Ya ci gasar Faransa da ta Amurka a 1977, ya ci ta Ostareliya a 1978 da 1979, Wimbledon ce kaɗai ta gagare shi. A wannan shekara masu gasar sun sa shi na 4 a cikin waɗanda ake sa ran za su ɗauki kofi. Odizor kuwa yana da shekara 24, mafi yawan 'yan kallo ba su taɓa jin sunansa ba.

Aka fara. Vilas ya ci turmin farko 6 da 3. Ya ci na biyu 7 da 5. Saura turmi ɗaya ya sallami ɗan Nijeriya. Har aka kai inda bugu ɗaya tak ya rage, idan Vilas ya ci shi, wasa ya tashi. Jama'a, ku sa kanku a wurin yaron nan. Kowa ya riga ya yanke maka hukunci, ko ka faɗi ba mai zargin ka, za a ce ai ka yi ƙoƙari. Da yawanmu a nan za mu saki. Shi bai saki ba. Ya tsare wannan bugu, ya ƙwace turmi na uku 7 da 6. Ya ci na huɗu 7 da 5. A na biyar Vilas ya riga ya sare, Odizor ya gama da shi 6 da 2. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya ci zagaye na biyu, ya ci na uku, ya shiga cikin mutum 16 da suka rage daga 128. A nan ne Chris Lewis na ƙasar Niyu Zilan ya tsayar da shi, shi kuwa Lewis ya wuce har wasan ƙarshe, inda John McEnroe na Amurka ya doke shi. Kafin shekarar ta ƙare Odizor ya tafi Taipei ta ƙasar Taiwan ya ɗauki kofin gasar can, bayan ya ci Scott Davis ɗan Amurka a wasan ƙarshe. A watan Yunin 1984 ya kai matsayi na 52 a duniya. A wasan bibbiyu ma ya fi haka nisa, ya ɗauki kofi 7, ya kai na 20. Har yau ɗin nan da nake muku magana, babu ɗan wasan da ya ɗaga tutar Nijeriya ya wuce wannan matsayi na 52.

Ya buga wa ƙasa gasar Kofin Davis, wadda ƙasa da ƙasa ke karawa. A 1988 kuma, da aka maido da tanis cikin wasannin Olamfik a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, mutum uku suka wakilci Nijeriya: shi Odizor, da Tony Mmoh, da Sadiq Abdullahi. Ku ji sunan nan na ƙarshe da kyau, musamman masu cewa wannan ba wasan 'ya'yanmu ba ne. Shi Sadiq ɗin daga baya ya ci gaba da karatu a Amurka har ya kai digirin dakta.

Kada ku ce Odizor sa'a ce kawai ta mutum ɗaya. A wannan watan na Yunin 1983 ɗin, makonni biyu kafin wasansa da Vilas, Yannick Noah ya ci gasar Faransa. Shi ma Arthur Ashe ne ya gan shi a Yawunde ta Kamaru a 1971, yana ɗan shekara 11, ya yi magana aka kai shi Faransa horo. A zamaninmu kuma ga Frances Tiafoe, wanda aka haifa a 1998. Iyayensa mutanen Saliyo ne da suka je Amurka neman abinci, 'yan zama kamar mu. Ubansa shi ne mai shara da kula da wata cibiyar tanis a jihar Maryland, yaron a nan yakan kwana wasu ranaku. A 2022 ya doke Rafael Nadal a gasar Amurka, a 2023 ya shiga cikin goma na farko a duniya. Ku duba su ukun nan. Kowannensu yaro ne da ke kusa da fili, kowannensu ya yi naci, kuma kowannensu ya sami babban da ya tsaya masa.

Mu 'yan kasuwa ai mun fi kowa sanin wannan hanya. Wane ne a cikinmu ya faɗo daga sama da shago? Ni da sharar shago na fara, da ɗauko dila, da ninke atamfar da mai saye ya warware bai saya ba. Shekara takwas ina yi wa maigidana, Allah ya jiƙansa. Ina kallon yadda yake taya kaya, yadda yake gane mai saye da mai tayi, yadda yake ba da bashi da yadda yake hanawa. Ran nan ya kira ni ya ba ni jari ya sallame ni. Da bai dube ni ba, da har yau ina ninke wa wani. To yaron tsintar ƙwallo shi ne yaron shago, fili shi ne kasuwa, raket da takalmi su ne jari. Abin da ya rage shi ne ubangida.

Yanzu bari in zo kan raket ɗin da na karya.

Kusan shekara talatin ke nan, lokacin ban daɗe da buɗe shagona ba, ina haya a cikin gari, mahaifinmu ya turo mini ƙanena daga gida, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ce in riƙe shi ya yi karatu ya koyi kasuwa. Yaro mai ladabi, ba ruwansa. Sai na lura kullum da la'asar sai ya ɓace. In tambaye shi ya ce yana nan. Ran nan na sa aka bi shi. Ashe tattaki yake yi tun daga cikin gari har nan G.R.A., yana tsinta wa manya ƙwallo a wani kulob. Na bincika ɗakinsa, na sami raket a ƙarƙashin tabarma, an ɗaure ƙotarsa da robar taya.

Bayan kwana biyu sai ga wani likita, dattijo, ya zo har shago. Ya yi sallama ya zauna. Ya ce, "Malam, wurinka na zo a kan yaron nan. Ni na ba shi raket ɗin. Na daɗe ina wannan wasa, ban cika ganin yaro mai ido da ƙafa irin nasa ba. Ka bar mini shi kwana uku a mako. Takalmi da kaya ni zan saya, karatunsa kuma ni da kai mu sa ido." Har ya ambata mini sunan Odizor, ranar na fara jin sunan. Ni kuwa lokacin jinin ƙuruciya, ga sabon shago, ga amanar mahaifi a wuyana. Na ce, "Likita, na gode. Amma mu ba a aiko mu Bauchi wasa ba. Wannan abin na 'ya'yanku ne." Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tashi. Da dare na kira yaron, na ɗora raket ɗin a gwiwata na karya a gabansa. Bai yi kuka ba. Ya tsuguna ya tattara guntayen ya fita da su.

Ba zan tsaya a gabanku in ce da na bar shi da ya zama Odizor ba. Wannan Allah kaɗai ya sani. Ƙanen nan nawa yau magidanci ne, yana da shagonsa, yana da iyali, Alhamdu lillahi bai lalace ba. Kuma tsoron da na ji a lokacin ba na banza ba ne. Na ji tsoron ya bar karatu, na ji tsoron irin abin da ake sha a wasu kulob, na ji tsoron abin da zan gaya wa mahaifinmu. Laifina guda ne: ban je na gani ba. Tafiyar da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ke yi a ƙafa kullum, ni na kasa yin ta sau ɗaya a kan babur. Na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Akan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ranar nan yaron ne ya hango, ni babban ina zaune a gindin rimi.

Shekaru suka wuce, sai ɗana ya nuna mini labarin Odizor a wayarsa, ya karanta yana fassara mini. Da ya zo wurin tsintar ƙwallo sai na ce ya tsaya. Na tuna likitan nan, na tuna kuma wani abu da na daɗe ina gani ban ba shi ma'ana ba: duk sanda muke zaune da ƙanena aka nuno tanis a talabijin, sai ya yi tsit, hira ta tsaya, hannunsa na dama yana ɗan motsi a kan gwiwa. Da na sani ƙeya ce.

To amma kada samarin da ke baya su ce Alhaji ya ba mu lasisi, gobe kowa ya ajiye jaka ya nufi fili. A'a. Bari in gaya muku ɗaya gefen, domin ɗan kasuwar da ke faɗin riba ya ɓoye faɗuwa maƙaryaci ne. Gaskiya akwai kuɗi a can sama. McEnroe da ya ci Wimbledon a 1983 fam 66,600 ya karɓa. A 2024 wanda ya ci ya tashi da fam miliyan 2 da dubu 700, wanda aka fitar tun zagayen farko ma fam dubu 60 aka ba shi. Amma ku tuna kujerun 128 ne kacal, duniya baki ɗaya ke neman su. A ƙasan waɗannan akwai ɗaruruwan gwanaye da ke yawo ƙasa ƙasa, abin da suke samu bai kai kuɗin jirginsu ba. Ga rauni, gwiwa ɗaya ta goce sana'a ta ƙare. Ko wanda ya yi dace ma, da ya doshi shekara talatin da 'yan kai sai jiki ya ce ya isa. Saboda haka ne na ce ku riƙe maganar nan, Odizor sai da ya bi ta jami'a. Ribar da ta fi tabbata a wasan nan ita ce ƙofar da yake buɗe wa yaro: karatu, lafiyar jiki, horo, da sanin mutane. Wani zai zama mai horarwa, wani alƙalin wasa, wani ya sami gurbin karatu. Kofi kuwa rabo ne.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu, ba masu nauyi ba.

Na farko, ga iyaye. Idan ka ji ɗanka yana zuwa fili, kada ka fara da bulala. Ka je da kanka ka tsaya a bakin waya ka kalla. Ka ga su wa yake hulɗa da su, ka gaisa da mai horar da su, ka tambaye shi gaskiyar abin da ya gani a yaron. Gani ya kori ji. Mu da Allah ya zaunar a G.R.A. ba mu da uzuri, abin da ƙanena ke yi wa tattaki mu a bayan katangarmu yake.

Na biyu, sharaɗi. Ba raket sai da allo da littafi. Na san matsalar ita ce lokacin wasa da lokacin Islamiyya duk la'asar ne. To a zauna da malam a raba kwanaki, ai akwai Alhamis da Juma'a da ba a karatu, akwai safiyar Asabar da Lahadi, akwai hutu. Yaron da sakamakonsa ya faɗi a ajiye masa raket a kabad sai ya gyara. A ajiye na ce, ban ce a karya ba.

Na uku, ga masu hali a cikinmu. Me ya sa kullum sai baƙo ne zai zo ya ga yaronmu? Odizor sai da Ba'amurke ya zo, Noah sai da Ashe ya zo. Mu da muka san daɗin ubangida, me zai hana mu zama iyayen gidan 'ya'yanmu? Ba miliyoyi ake nema a farko ba. Takalmi ne, da raket, da gwangwanin ƙwallo, da kuɗin mota idan za a je gasar yara. Ga gasar Dala Hard Court da aka daɗe ana yi a Kano, garin da yawancinmu ke zuwa sarin kaya. In za ka Kantin Kwari a lokacin gasar, ka ɗauki yaro ɗaya a motarka ya je ya ga yadda manya ke yi. Kuma kada mu tsaya kan 'ya'yan cikinmu kawai. Yawancin masu tsintar ƙwallon nan 'ya'yan masu gadinmu ne da direbobinmu da masu yi mana wanki. Tiafoe ɗan mai shara ne.

Na huɗu, hattara. Don na yabi wanda ya ɗauki nauyin yaro, ba ina nufin duk wanda ya zo da zaƙin baki ya ce zai kai ɗanka Turai ka miƙa masa ba. Akwai 'yan damfara, akwai kuma waɗanda nufinsu ga yara ba alheri ba ne. Yadda ba ka ba baƙo kaya bashi sai ka san gidansa da wanda ya tsaya masa, to ɗanka ya fi dilar shadda. A bincika, a bi ta hukumar wasanni, a sa dattawa a ciki, kuma kada yaro ya yi tafiyar kwana ba tare da wani babba da ka yarda da shi ba.

Daga ƙarshe, jama'a, kwanakin baya da na san zan yi wannan magana, na je shagon ƙanena na same shi. Na ce masa ina so in ba da labarin nan a gaban jama'a, in ya yarda, kuma ina neman ya yafe mini. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce tuntuni." Muka yi shiru. Can sai ya ce, "Amma ka san ɗan autana ya fara zuwa fili." Na ce tun yaushe? Ya ce an fi shekara, tsoro ya hana shi gaya mini. Washegari na aika Kano aka sayo mini raket sabo, ni da kaina na kai wa yaron har gida. Ranar Asabar ɗin da ta wuce kuma na je na tsaya a bakin waya tun daga farko har aka tashi. Lissafin dai har yanzu yana ruɗa ni, amma na ga yaron ya juyo sau biyu yana duba ko ina nan.

Abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda na yi daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini, ɗan kasuwa ne ya shiga gonar da ba tasa ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da mutanen garin da suka karɓe mu.